Yaya da Cokalin Ruwa

A gidanmu ba wanda ke kirana da sunan da aka raɗa min. Jela ake ce min, kuma babanmu ne ya fara, domin tun ina rarrafe duk inda Yaya ta sa ƙafa ina biye da ita. Yanzu na yi jikoki, furfura ta cinye rabin kaina, amma sunan bai tsufa ba saboda halin bai tsufa ba. Yaya ta yi karatun koyarwa, na yi. Ta sayi keken ɗinki, na saya, ga shi can a lungu har yau ban iya sa masa zare ba. Da ta fara sa tabarau sai da na je aka gwada min ido, mai gwajin ya ce idona garau yake, na dawo gida ina jin haushinsa.

Ita kuwa Yaya ta cancanci a bi ta, wannan ba zan ɓoye ba. Ita ce babba a ɗakinmu. Da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, Yaya ke yi mana wanka ta shirya mu kafin ta wuce makaranta, kuma duk da haka ta ɗaya take zuwa. Sau ɗaya ta taɓa zuwa ta biyu, ta yi kwana da kwanaki tana zazzaɓi. Lissafi ta koyar har ta yi ritaya, amma abin da ya fitar da sunanta shi ne tsaron jarrabawa. Ba ta zagaya aji kamar sauran malamai. Kujera take ja ta zauna can baya inda ba mai ganinta, sai dai yaro ya ji an kira sunansa a hankali, an ce ya ciro abin da ke cikin safarsa. Har yau akwai manyan mutane masu tumbi da idan suka haɗu da ita a hanya sai ka ga suna shafa aljihu.

Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya a jere, duk masu manyan kawuna irin na dangin ubansu. Mijin ya rasu, yaran suka watse neman abinci, aka bar ta ita kaɗai a gidan da ko tsinke ba ya kwana a ƙasa. Kawunan nan kuwa ba su wuce a banza ba. Wata rana bayan ta yi ritaya ta kira ni, ta gaya min da muryar da ake karanta jadawalin darussa cewa fitsari yana kufce mata. Ba wai kullum yake zuba ba, sai ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga bokiti. Ta riga ta ga likita a babban asibiti, za a yi mata aiki. Ba shawarata take nema ba, sanar da ni take yi.

A lokacin ana wani bincike a asibitin. Hanya biyu ake bi a tallafe bututun fitsarin: ko a sa wani siririn ƙyalle na roba mai kama da raga, ko a yanko ɗan tantani mai ƙarfi daga jikin matar kanta a yi amfani da shi. Likitocin suna son su san wanne ya fi riƙewa idan shekaru suka tafi, wanne kuma ya fi jawo matsala. Wadda ta yarda ta shiga binciken ba ita ke zaɓa ba, ba kuma likita ba, ambulan ake buɗewa a ga abin da ya ce. Yaya ta fara cewa ita ba ta taɓa cin komai da canki-canka ba. Da aka yi mata bayanin dalili sai ta gyaɗa kai, ta ce ai haka ake rufe sunan ɗalibi kafin a ba shi maki. Ambulan ɗinta ya ce raga.

Bayan aikin, duk 'yan watanni sai ta koma. A yi mata tambayoyi, sannan ga awon auduga. Ana ba mace audugar mata da aka riga aka auna, kowace a ledarta, ta sa yini da kwana tana harkokinta kamar kullum, duk wadda ta cire ta mayar leda ta ƙulle. Washegari ta kai a ɗora a sikeli. Abin da ya ƙaru a nauyi shi ne abin da ya zuba. Duk dawowar da Yaya za ta yi sai ta biyo ta gidana ta faɗi sakamako, kuma kullum ta ci. Sai ta ɗora da yabon likitar, wata siririyar yarinya da ba ta wuce sa'ar autarta ba, mai cin abinci a tsaye, ga goyo a gida ga bincike a ka. Yarinyar nan tana ƙoƙari, in ji Yaya. Ni da nake binta tun ina rarrafe ban taɓa samun wannan kalmar daga bakinta ba, don haka na ɗan tsani likitar tun kafin in gan ta.

A wannan tsakanin ne Yaya ta fito da sabon salo. Ta koma zama a bakin kujera, a ɗan karkace, nauyinta a cinya ɗaya. Ta daina sa zani mai haske. Ta sayi wata ƙatuwar jaka da ba ta rabuwa da ita. Idan ta je gidan mutane aka kawo ruwa, sai ta taɓa kofin da leɓe ta ajiye. Ni kuwa da na gani sai na ce a raina, wato haka dattijuwar da ta san kanta ke yi. Na kwashe zannuwana masu haske na raba wa 'ya'yana. Na sayi jaka irin tata, na rasa abin zubawa, na riƙa yawo da carbi da makulli suna ƙara a cikinta. Zaman karkacen ne ya fi ba ni wahala, amma na dage har na iya. Maigidana ya kalle ni wata rana na daɗe a ɗosane, ya tambaye ni a hankali ko maruru ne ya fito min. Na ce masa shi bai san zaman manya ba.

To sai ga shi har ciwon ban bar mata ba. A ɗakin malamai abin ya fara kama ni, wata ta kwaikwayi tafiyar hedimasta, na tuntsire da dariya, na ji ɗumi. Na zauna a kujerar nan har aka tashi makaranta ina yin kamar ina duba littattafan yara. Daga nan sai atishawa, sai tari, sai hawan matakala. Na tsorata ƙwarai, na yi kuka a banɗaki. Amma can ƙasan raina akwai wani ɗan farin ciki na marasa hankali, cewa ko ba komai zan shiga layi ɗaya da Yaya.

Likitar ta karɓe ni da fara'a, kuma na rasa abin da zan ci gaba da tsana a jikinta. Ta ce an rufe ɗaukar sababbin mata a binciken, saboda haka ni zan zaɓa da kaina. Ta ɗauko takarda ta zana min mara, ta yi bayanin kowace hanya, amfaninta da abin da kan iya biyo baya. Ta ce binciken bai ƙare ba, ba za ta ce min ga wadda ta fi ba. Ni dai bakinta kawai nake kallo yana motsi, ina jiran ta gama in ba ta amsar da na zo da ita daga gida. Na ce irin na Yaya nake so. Ta yi murmushi ta ce ai Mama, wato Yaya, tana cikin waɗanda sakamakonsu ya fi kyau, amma duk da haka in je in yi tunani. Aka sa min ranar da zan dawo in sa hannu, ta dace da ranar awon Yaya. Na ce zan kwana a gidanta mu tafi tare.

Da safe na shiga ɗakinta neman abin guga ba tare da sallama ba. Na tarar da ita zaune gaban tebur, tabarau a karan hanci, ta jera audugar asibiti fari fat kamar takardun da za a yi wa maki. Ga kofin ruwa a gefe, ga cokalin shayi a hannunta. Tana ɗiba tana ɗigawa a tsakiyar kowace, wannan rabin cokali, waccan 'yan ɗigo, wata ta tsallake ta. Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce in rufe ƙofa, iska na shigowa.

Na tambaye ta me take yi, duk da idona ya riga ya gaya min.

"In na kai su a bushe ƙayau za su gane ban sa ba," ta ce. "Wanda ya ci ɗari bisa ɗari shi ake fara zargi. Ki bar mutum da tasa'in da wani abu."

Sannan ta yi min bayani dalla-dalla, yadda take warware lissafi a allo. Na farko, ita ba za ta ƙunso ƙazantarta a leda ta miƙa wa sa'ar 'yar cikinta ta ɗora a sikeli ba. Na biyu, kuma shi ne babba, yarinyar nan ita ta yi aikin da hannunta, kuma a kan wannan binciken za a auna ta. Idan Yaya ta faɗi, likita ce ta faɗi. Ta ga irin wahalar da yarinyar ke sha, ba za ta zama ita ce sanadin ɓata mata sakamako ba. Na ce to aikin ya riƙe kuwa? Ta ce an samu ci gaba. Na kalli ƙatuwar jakar a kan gado, bakinta a buɗe, cike da audugar kanti da zani na canji da turare.

"Zaman nan fa, Yaya?"

Ta daɗe tana kallon cokalin. "Wani abu ke sukata can ciki, kamar ƙaya. In na karkace yana sauƙi."

A lokacin ina ɗosane a bakin gadonta, nauyina a cinya ɗaya. Na ja jiki a hankali na zauna sosai, ina fatan ba ta lura ba. Ta lura.

Mai hankali a nan zai yi faɗa, ko ya yi kuka, ko ya ƙwace cokalin. Ni kuwa da ta ce in miƙo leda sai na miƙa. Tana sakawa ina ƙullewa, har tana gyara min ƙulli.

Muka shiga mota. Lissafin da nake yi bai da wuya ko ga irina. Yau zan sa hannu. Idan na ce na fasa irin na Yaya, likita za ta tambayi dalili, ni kuma ban iya ƙarya a gaban mai farin kaya ba, fuskata za ta tona komai. A ce malamar da ta ƙare rayuwarta tana kama masu satar amsa an kama ta da cokali, kuma ƙanwarta ce ta nuna ta. Idan kuma na yi shiru, za a sa min abin da ban san gaskiyarsa ba, a jikina, ba a jikin kowa ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a haihuwar fari. Kafin mu kai ƙofar asibiti na yanke shawara irin ta Jela: zan sa hannu, in ya so ai na riga na iya zaman.

Ɗakin jiran dogo ne, benci biyu suna kallon juna, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Mata a jere, kowace ta rungume jakarta a cinya, kowace ta san abin da ke cikin ta 'yar'uwarta, ana ta hirar tsadar kaya. Da yawa suka gaida Yaya da Malama, har da masu matsa mata wuri. Nas ta karɓi ledojin ta ɗora a wani ɗan sikeli irin na masu sayar da gwal, ta rubuta, ta ce ma sha Allah, Mama kullum ba ta ba mu kunya. Yaya ta ce na gode, ba ta kalle ni ba.

Da aka kira ni sai ta tashi ta biyo ni, ba wanda ya isa ya hana. Likita ta ba ta kujera, ta juyo min da takardar yarda da aikin, ta tambaya ko na yi tunanin. Na ce na yi. Ta ce ko akwai tambaya. Na ce babu. Ta miƙo min biro, na karɓa, na ɗora bakinsa a kan layin.

"Ajiye biron nan," in ji Yaya.

Na ajiye kafin ta rufe baki. Likita ma sai da ta saki nata.

Yaya ta gyara tabarau ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta kuma nemi tausayi ba. Ta faɗi cokalin, ta faɗi jakar, ta faɗi sukar da ta fara 'yan watanni bayan aikin, da ɗan jinin da take gani wani lokaci. Ta ce duk amsoshin da ta bayar a soke su. Ta ce ta yi ne don kada a rage wa likita maki, kuma a shirye take ta rubuta cewa laifin nata ne ita kaɗai.

Likitar ta ture takardar gefe. Sannan ta ce ba ita ake aunawa ba, ba kuma Mama ba, aikin ake aunawa. Ta ce yawancin matan da aka sa wa ragar lafiya suke, amma waɗanda ta ba matsala dole a ƙirga su, in ba haka ba mata irina za su riƙa zaɓe a cikin duhu. Ba ta ɗaga murya ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa da ta ce, duk tsawon lokacin nan Mama tana jin ciwo, ita kuma tana yi mata barka. Can ta tambaya, kamar mai tsoron amsar, ko Mama ta gaya wa wani wannan dabarar.

Yaya ta ɗan yi gyaran murya. Ta ce akwai 'yan kaɗan a benci da ta ga suna cikin damuwa, ta ɗan yi musu bita.

Likita ta kifa kai a tebur, ta daɗe a haka.

Aka ce sai mara ta cika kafin a duba Yaya. Yaya ta fita ta tsaya a tsakiyar ɗakin jira da gorar ruwa tana sha a gaban kowa, kofi bayan kofi. Tsakanin kofi da kofi tana nuna ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ke da ke da ke, ku shiga ku faɗi gaskiya, ni na riga na faɗa. Suka tashi sumui-sumui. Ɗaya ta tsaya tana cewa ai Malama ke kika ce, Yaya ta kalle ta ta saman tabarau, matar ta wuce ciki.

Da lokaci ya yi likita ta ja labule, ta ce in jira a waje. Yaya ta ce a'a, Jela ta tsaya. Ta hau gadon gwaji da ƙyar. Ban taɓa ganin ƙafafunta haka ba, sun rame, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Likita ta duba a hankali, ta ce ga shi nan, bakin ragar ne ya ɓullo ta cikin nama, shi ke sukar. Ƙaramin aiki za a yi a datse wurin, kuma da an sani da wuri da tuni an wuce wajen. Sannan ta ce Mama ta yi tari mai ƙarfi.

Na kawar da kai.

"Ba kawar da kai na ce ki tsaya yi ba," Yaya ta ce, idonta a rufin ɗaki. "Ki kalla da kyau. Ke ce za ki zaɓa."

Na kalla. Ta yi tari, ya zubo, ba ɗigo ba, har ya gangara ya jiƙa shimfiɗar. Likita ta ce ta sake, ta sake, ya sake zubowa. Likita ta cire safar hannu ta ce Mama ta kintsa a hankali, mu kuma mu koma tebur.

Na zauna gaban takardar. Likita ta tambaya ko har yanzu ina nan a kan bakana. Na ce mata gaskiya ranar farko ban ji ko kalma ɗaya daga bayaninta ba, ta yi haƙuri ta sake daga farko, kuma ba yau zan sa hannu ba. Ta jawo sabuwar takarda ta fara zana mara. Na yi tambaya ɗaya, na yi ta biyu, na yi mamakin jin muryata. Amma rabin hankalina yana bayan labule, inda ya kamata a ce Yaya ta gama shiri tuntuni. Ba abin da nake ji sai wani ɗan sauti da na fara ɗauka ragowar tarin ne. Na ce wa likita ta ɗan dakata.

Na same ta zaune a bakin gadon, zaninta a hannu, ta kasa ɗaurawa. Tabarau yana kan cinyarta, fuskarta jiƙe. Ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu ban ga hawayenta ba, domin ranar tana fama da mu. Na yago takardar goge jiki na durƙusa na fara share mata ƙafafu, daga gwiwa zuwa ƙasa, ina jiran ta ture ni ta ce ba haka ake yi ba. Ba ta ture ni ba. Ta ɗora hannu a kaina ta bar shi a nan.

"Ni ban taɓa cewa ki bi ni ba," ta ce.

"Na sani, Yaya."

"Amma ina jin daɗi in na waiwaya na gan ki." Ta ja hanci. "Da safe da kika ƙulle ledojin nan, na yi ta jira ki ce min a'a. Har muka iso ina jira."

Na karɓi zanin daga hannunta, na ce ta dafa kafaɗata ta sauko, na ɗaura mata.